Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Foldar NFS Ɗoruwa a Kan Ƙananan Na'urori Masu Linux

Rauta, kyamarar tsaro, dikoda, allunan gwaji irin su Raspberry Pi da BeagleBone: da yawansu ƙaramin Linux ne ke tafiyar da su, kuma ma'ajiyarsu ba ta da faɗi. Shi ya sa mai aiki da su yakan bar fayilolinsa a kan babbar kwamfuta, wato sabar, ya sa na'urar ta riƙa ganin foldar ta netwok kamar a cikinta take, abin da ake kira ɗorawa (mount). Hanyar da aka fi bi ita ce NFS (Network File System), wadda kamfanin Sun Microsystems ya fito da ita a 1984.

A kwamfutar tebur abin ba ya ba da wahala, domin akwai manhajar `mount.nfs` da ke lallaɓa sabar: ta gwada sabuwar siga, in ba ta karɓu ba ta sauko ta baya, in kuma ta gaza ta faɗi dalili. Ƙananan na'urori yawanci BusyBox ne a cikinsu, wato ƙaramin tarin umarnan Linux a fayil ɗaya, shi kuwa miƙa wa kenel, zuciyar Linux, abin da ka rubuta kawai yake yi, in an ƙi ya jefo maka kalma biyu ko uku. Waɗannan kalmomin sau da yawa ba sa nuna inda ciwon yake. Don haka aikin na bi daki-daki ne, daga waya zuwa sama, kana canza abu ɗaya a kowane gwaji.

A misalan nan, sabar tana 192.168.1.10, na'ura tana 192.168.1.50, foldar da ake rabawa kuma `/srv/nfs`.

Kafin ka taɓa komai

Buɗe tagogi biyu. A ta sabar ka bar `journalctl -f` yana tafiya. A ta na'ura, duk gwajin da ya faɗi ka bi shi da `dmesg | tail`. Rabin matsalolin da ke ƙasa a rubuce suke ɓaro-ɓaro a ɗaya daga cikin wuraren nan biyu, sai dai mutane saƙon `mount` kaɗai suke kallo.

Mataki na 1: shin suna jin juna?

A na'ura:

```
ip addr show eth0
ping 192.168.1.10
```

In babu umarnin `ip`, yi amfani da `ifconfig`. Ka tabbata adireshi yana nan kuma rukuninsu ɗaya da sabar. Yi amfani da lambar adireshi, ka bar sunan sabar tukuna, domin na'urori da yawa ba su da DNS da ke aiki. Idan sabar ɗin Linux ce da ke zaune cikin VirtualBox ko VMware, duba katin netwok ɗinta: in yana kan NAT na'urar ba za ta iske ta ba, sai ka mayar da shi kan tsarin gada (bridged), yadda za ta sami adireshinta a netwok ɗaya da na'urar.

Mataki na 2: shin kenel ɗin ya san NFS?

```
cat /proc/filesystems | grep nfs
```

In babu amsa, gwada `modprobe nfs` da `modprobe nfsv3`. In su ma babu, an gina kenel ɗin ba tare da `CONFIG_NFS_FS` ba, kuma babu wani zaɓi da za ka ƙara wa umarnin da zai gyara wannan. Sai an sake gina kenel. Alamar wannan hali ita ce saƙon `No such device`. Sigogin ma kowace da nata maɓallin: `CONFIG_NFS_V3`, `CONFIG_NFS_V4`. Inda akwai `/proc/config.gz`, `zcat /proc/config.gz | grep NFS` zai nuna maka duka.

Wasu na'urorin `mount` na util-linux ne a cikinsu maimakon na BusyBox. Wannan in bai sami `/sbin/mount.nfs` ba sai ya ce `bad option`, ya ambaci manhajar taimako. Ko dai ka ƙara nfs-utils cikin ginin, ko ka kira `busybox mount` kai tsaye.

Mataki na 3: shin sabar tana sauraro?

A sabar:

```
systemctl status nfs-server
rpcinfo -p
cat /proc/fs/nfsd/versions
```

A nan akwai buƙatar fahimtar yadda siga ta 3 take aiki, domin ita ce tushen yawancin rigimar katangar tsaro (firewall). Ba ƙofa (port) ɗaya take amfani da ita ba. Na'ura takan fara zuwa ƙofa ta 111 wurin `rpcbind`, wanda yake kamar mai gadin bakin zaure da ake tambaya ɗakin wane. Shi zai gaya mata inda `mountd` yake. Ta je wurin `mountd` ta nemi izini, ya ba ta lambar shaidar foldar, sannan ta wuce ƙofa ta 2049 inda ainihin fayiloli suke fitowa. To `mountd` a kan sabobi da dama ba shi da ƙofa tsayayya, duk lokacin da aka tayar da shi sabuwa yake ɗauka. Wanda ya buɗe 111 da 2049 kawai a katanga zai ga abu ya yi aiki yau saboda ya kashe katangar don gwaji, gobe ya ƙi.

Kafe shi a wuri ɗaya cikin `/etc/nfs.conf`:

```
[mountd]
port=20048
```

Sake tayar da `nfs-server`, ka buɗe 111, 2049 da 20048 ga rukunin adireshin na'urorinka kaɗai. Siga ta 4 ba ta da wannan jidali, 2049 ta ishe ta.

Irin ƙin da aka yi ma yana da ma'ana. `Connection timed out` na nufin an aika ba a sami ko tari ba, galibi katanga ce ke zubar da fakitoci shiru. `No route to host` alhali `ping` yana tafiya, sau da yawa katangar firewalld ce ke mayar da amsar hani. `Connection refused` kuwa wani ne ya amsa cewa babu kowa a ƙofar, amma kada ka yi saurin ɗora wa sabar laifi, ga dalili.

Mataki na 4: rubuta umarnin a cike, da `nolock`

```
mkdir -p /mnt/nfs
mount -t nfs -o vers=3,proto=tcp,nolock 192.168.1.10:/srv/nfs /mnt/nfs
```

Kada ka bar wa kenel zaɓin siga ko hanyar aikawa, faɗa masa. Amma a cikin ukun nan `nolock` ne ya fi warware matsala. A siga ta 3, kulle fayil aiki ne na daban da `lockd` yake yi, kuma kafin ya tashi sai ya yi rajista da `rpcbind` na cikin na'urar kanta. Ƙananan na'urori kuwa da wuya ka sami `rpcbind` ko `rpc.statd` a cikinsu. Sai `lockd` ya ƙwanƙwasa ƙofar gida, babu kowa, umarnin ya faɗi da `Connection refused`, ko ya tsaya cak na tsawon lokaci. Mai gyara ya koma kan sabar yana ta tono, alhali sabar lafiyarta lau. `dmesg` ne zai tona asirin:

```
svc: failed to register lockdv1 RPC service (errno 111).
```

Wannan 111 ɗin lambar kuskure ce, ba ƙofar `rpcbind` ba; dacewa ce kawai. Kuma a kan na'urori masu MIPS, kamar rautoci da yawa, 146 za ka gani a madadinta, don lambobin kuskurensu daban ne da na ARM da x86.

`nolock` ba kyauta ba ne. Kulle yana aiki a cikin na'urar, amma sabar da sauran na'urori ba su san da shi ba. Ga mai gwajin manhaja wannan ba komai. Idan kuwa na'urori biyu za su riƙa rubutu cikin fayil guda, musamman rumbun SQLite, bayanan za su lalace ko ba daɗe ko ba jima. A irin wannan hali sai dai ka sa `rpcbind` da `rpc.statd` cikin na'urar, ko ka koma siga ta 4 wadda kulle yake cikin jikinta.

Mataki na 5: `Permission denied` tun wurin ɗorawa

Wannan labari ne mai daɗi ta wani ɓangare: waya lafiya, ƙofofi a buɗe, `mountd` ne ya gan ka ya ce a'a. Dalilin yana tagar sabar. In ka ga `unmatched host`, adireshin na'urar ba ya cikin waɗanda aka yarda wa. Buɗe `/etc/exports`:

```
/srv/nfs 192.168.1.0/24(rw,sync,no_subtree_check)
```

Lura da kyau: babu tazara tsakanin adireshi da baka. In ka bar tazara, layin bai zama kuskure ba, ma'anarsa ce ta juye. Rukunin da ka ambata zai sami karatu kawai, sauran duniya kuma su sami izinin rubutu. A ganina wannan ne tarko mafi muni a duk harkar NFS, domin foldar za ta ɗoru, sai wajen rubutu a ce `Read-only file system`, kai kuma kana ganin `rw` da idonka a fayil.

Gyara fayil kaɗai bai isa ba, sai an sanar da sabar:

```
exportfs -ra
exportfs -v
```

Abin da `exportfs -v` ya nuna shi ne gaskiyar abin da sabar take aiki da shi, har da zaɓuɓɓukan da ba ka rubuta ba. Karanta ƙorafin `exportfs -ra` ma. In ya ce `does not support NFS export`, foldar tana kan tsarin fayil da ba ya rabuwa, kamar gidan mai amfani da aka rufe da eCryptfs. Mayar da ita kan ext4 ko XFS. In ya nemi `fsid=`, kamar yadda yake yi ga tmpfs, ba shi wata lamba da babu mai ita, misali `fsid=1`.

In kuma rahoton ya ce `illegal port`, buƙatar ta fito ne daga ƙofa mai lamba 1024 ko sama. NAT ne ya fi jawo haka, don yana canza lambar ƙofa a hanya. Ƙara `insecure` cikin bakan layin.

Akwai kuma `No such file or directory` ga hanyar da ka san tana nan. In siga ta 4 kake gwadawa kuma wani layi a `/etc/exports` yana ɗauke da `fsid=0`, wannan foldar ta zama tushe, duk hanya daga ita ake ƙirgawa. Wato in `/srv/nfs` ce mai `fsid=0`, abin da za ka rubuta shi ne `192.168.1.10:/`.

Mataki na 6: sabuwar sabar, tsohuwar na'ura

Siga ta 2 ta 1989 ce, ta 3 kuma 1995. Sababbin Linux na sabar sun rufe ta 2, kuma sun kashe UDP sai wanda ya kunna. Na'urar da ke ɗauke da kenel mai shekaru goma ko fiye tana iya neman ɗayansu. Alamar ita ce `Protocol not supported`, ko kuma jira har lokaci ya ƙare. A fayil ɗin `versions` da ka duba ɗazu, `+3` na nufin a buɗe take, `-3` a rufe. In a rufe take:

```
[nfsd]
vers3=y
```

Kada ka ɓata lokaci wajen farfaɗo da siga ta 2. Ba ta iya ɗaukar fayil da ya wuce 2GB, kuma sababbin kenel ma ba sa gina ta a ɓangaren sabar sai an nema. Kusan duk na'urar da za ka ci karo da ita tana iya ta 3 in ka gaya mata. UDP kuwa wuri ɗaya ne nake ganin ya cancanci `udp=y`: umarnin `nfs` na U-Boot (manhajar da ke ɗauko kenel ta tayar da shi a kan allo), wanda da UDP yake aiki. Ko a nan ma, ɗauko kenel ta TFTP ya fi sauƙi.

Mataki na 7: ta ɗoru, amma ba ta da lafiya

Rubutu ya ƙi alhali kai ne `root` a na'ura: `root_squash` ke nan, kuma a kunne yake tun asali. Sabar tana mayar da `root` na nesa ya zama `nobody`, mai lamba 65534. NFS da lambobi yake gane mutane, ba da suna ba. Hanya mai tsafta ita ce `all_squash,anonuid=1000,anongid=1000`, wato duk abin da na'ura ta rubuta ya zama na mai lamba 1000 a sabar, ka kuma mallaka masa foldar. `no_root_squash` ya fi saurin kawo sauƙi, amma duk wanda ya sami `root` a na'urar ya sami iko a kan foldar gaba ɗaya. A bar shi ga netwok ɗin gwaji.

`Value too large for defined data type` yayin `ls` ko buɗe fayil: manhajar na'urar mai bit 32 ce, sabar kuma tana ba da lambobin inode masu bit 64, kamar yadda XFS yake yi a kan manyan faifai. Ƙara `nfs.enable_ino64=0` cikin layin umarnin kenel, ko a sake gina manhajar da goyon bayan manyan fayiloli.

Ƙananan fayiloli suna wucewa, babba kuma ya maƙale da `server not responding, still trying`: in kan UDP kake, koma TCP. In tilas ne UDP, sa `rsize=1024,wsize=1024` don kowace buƙata ta shiga fakiti ɗaya na 1500 ba tare da an yayyanka ta ba. In kan TCP ne kuma abin bai daina ba, duba `ifconfig eth0` ko lambar kurakurai tana hawa, ka canza kebul, ka kuma tabbata babu na'ura biyu masu adireshin MAC ɗaya. Allunan gwaji da ba a rubuta musu nasu ba sukan tashi da iri ɗaya.

`Stale file handle`: an goge foldar a sabar an sake ƙirƙirarta, lambar shaidar da na'ura ke riƙe da ita ta mutu. Masu gina rootfs, wato foldar tushen tsarin na'ura, da `rm -rf` kullum sun san shi. `umount -f /mnt/nfs`, in ya ƙi `umount -l`, sannan a sake ɗorawa.

Wani zai ce ka sa `soft` don na'ura ta daina sandarewa in sabar ta ɗauke. Ga foldar karatu kawai babu laifi. Ga wadda ake rubutu a ciki `hard` ya fi, domin `soft` yana iya yanke rubutu a tsakiya. `intr` da ake gani a tsofaffin misalai kuwa kenel ya daina kula shi tun 2.6.25.

Mataki na 8: in tushen tsarin gaba ɗaya a kan NFS yake

Nan abin ya fi tsanani, don babu `shell` da za ka yi bincike a ciki. Kenel ne da kansa yake ɗorawa, in ya gaza ya faɗi da `VFS: Unable to mount root fs via NFS`. Kafin komai, tayar da na'urar daga katinta ka ɗora foldar da hannu kamar a mataki na 4. In hakan bai yi ba, wannan ma ba zai yi ba.

Kenel yana buƙatar `CONFIG_ROOT_NFS` da `CONFIG_IP_PNP`, da `CONFIG_IP_PNP_DHCP` in DHCP za ka bi. NFS, direban katin netwok da direban PHY duk sai sun zama `=y`, wato an gina su cikin jikin kenel. In ɗaya ya zama `=m`, wato an ware shi a matsayin fayil na daban, fayil ɗinsa yana cikin foldar da ake ƙoƙarin kaiwa gare ta. A U-Boot:

```
setenv bootargs 'console=ttyS0,115200 root=/dev/nfs rw ip=192.168.1.50:192.168.1.10::255.255.255.0::eth0:off nfsroot=192.168.1.10:/srv/nfs/rootfs,vers=3,tcp nfsrootdebug'
```

Sunan `ttyS0` ya danganta da allonka. Jerin `ip=` shi ne: na'ura, sabar, mashiga (gateway), abin rufe rukuni (netmask), suna, kati, hanyar saiti; gurbin da ba ka cike ba sai ka bar alamominsa. `vers=3,tcp` wajibi ne, domin kenel da aka gina da siga ta 2 ita yake fara nema a wannan wurin. Kuma `ping` da ya yi aiki a U-Boot bai tabbatar da komai game da kenel ba: direbobinsu daban, kuma `ipaddr` na U-Boot ba ya wucewa zuwa kenel da kansa.

Karanta saƙonnin tashi ta siriyal ka nemi layi biyu. Na farko `IP-Config: Complete`. In babu shi, matsalar direba ce ko `ip=`, ba a ma kai ga NFS ba. Na biyu `VFS: Mounted root (nfs filesystem)`. In na farko ya fito na biyu bai fito ba, koma matakai na 3, 5 da 6. In duka sun fito sannan aka ce `No working init found`, NFS ya gama nasa. Duba ko an kwance rootfs da `sudo tar` don mallaka da izini su tsaya daidai, ko layin `/etc/exports` yana da `no_root_squash`, wanda a nan kam dole ne, ko kuma manhajojin na irin injin allon ne. Kuskure mai lamba -8 na nufin an gina su don wani injin daban.

Saura guda: tsarin ya fara tashi lafiya, yana isa wurin saita netwok sai ya daskare. Rubutun farawa, ko ConnMan, ko mai neman DHCP ne ya sauke `eth0` don ya sake saita shi, tushen tsarin ya yanke a ƙarƙashinsa. Buildroot yana da `/etc/network/nfs_check` saboda wannan. A sauran tsare-tsare sai ka cire `eth0` daga hannun mai saita netwok.

Mataki na 9: da hannu tana yi, wajen tashi ba ta yi

Gaggawa ce: an nemi ɗorawa kafin kati ya sami adireshi. A tsarin systemd, sa `_netdev,nofail,x-systemd.automount` a layin `/etc/fstab`, sai a jinkirta har lokacin da aka fara taɓa foldar. A init na BusyBox, rubuta ɗan fayil mai lamba sama da ta netwok, misali `S60nfs` a `/etc/init.d`, wanda zai riƙa `ping` ɗin sabar yana `sleep 2` har ta amsa, da iyakar gwaji don kada tashin na'urar ya rataye a kansa.

In foldar ta Windows ce ko Samba

Matakai na 1 da 2 suna nan, sai dai `cifs` za ka nema, `CONFIG_CIFS`, ƙofa kuma 445.

```
mount -t cifs -o username=gwaji,password=sirri,vers=3.0 //192.168.1.10/rabo /mnt/smb
```

Kenel da ya girmi 4.13 da SMB1 yake farawa, Samba kuwa ya rufe SMB1 tun 4.11 a 2019, Windows na yanzu ma ba ya zuwa da shi a kunne. Wannan saɓanin yakan fito da `Host is down` ko `Operation not supported`; gwada `vers=3.0`, sannan `2.1`, sannan `2.0`. In `dmesg` ya yi ƙorafin `iocharset utf8 not found`, `CONFIG_NLS_UTF8` ne babu.

In duk wannan bai nuna komai ba

Saurari wayar kanta, daga ɓangaren sabar:

```
tcpdump -n -i any host 192.168.1.50
```

Sake gwada ɗorawa kana kallo. In babu fakiti ko ɗaya, na'urar ba ta fito ba: adireshi ko kenel. In fakitoci suna shigowa 111 ko 20048 babu amsa, katangar sabar ce. In an yi magana da `mountd` an rabu ba a je 2049 ba, `/etc/exports` ne. In an kai 2049 aka yanke nan take, siga ce ba ta dace ba. Ajiye hirar da `-w nfs.pcap` ka buɗe ta a Wireshark, zai nuna sigar da na'urar ta nema da lambar kuskuren da sabar ta mayar mata.